Shaida Mai Lamba Goma Sha Huɗu

Lauyan kamfani ya gyara wuyan rigarsa,
ya ce, "Malama Corliss, taimaka mana da lissafi,
sau nawa a rana mahaifiyarki take shafawa?"
Na dubi gwangwanin hodar a kan tebur,
an ɗaure shi a leda, an manna masa lamba,
fari fat, ko gezau,
kamar bai taɓa kwana a gidanmu ba.

Sau nawa?
A Natchez, in watan Yuli ya tsaya,
kogin Misisipi kansa gumi yake yi.
Verlene Tubbs takan fito wanka tun da duhu,
ta zazzaga a tafin hannu, ta zazzaga a kamfai,
ta zazzaga har cikin takalmin aiki,
ta tafi asibitin da ta shekara talatin da ɗaya
tana wanke zannuwan gadon marasa lafiya.
Farin sawunta ke raka ta ɗakin girki.
Da wannan sawu nake gane gari ya waye.

"Tsafta ce," in ji ta,
"kada wani ya shaƙi talaucinki a motar haya."
Uwarta ta koya mata, ta koya mini.
Ranar da na dawo gida da Renita a zanen goyo,
da hannuna na barbaɗa mata, ina yi mata wasa.
Wannan ba a tambaye ni ba, ban kuwa faɗa ba.

Da ciki ya fara kumburi, ta ce wake ne.
Da siket ya ƙi rufuwa, ta ce tsufa ne.
Likita ya ce sankara ce a ƙwayayen haihuwa,
kuma ta riga mu nisa.
Wata goma sha tara muna jele,
gashi ya zube, zoben aure ya koma sarƙar wuya.
Daren ƙarshe ta ce, "Warin magani ya ishe ni,
ɗan shafa mini hodata."
Na shafa.

Yanzu ga masana biyu, kowa da madubinsa.
Ɗaya ya ce a naman da aka yanko daga jikinta
ya ga zaren dutse, siriri kamar ƙaiƙayi.
Ɗayan ya ce cutar nan takan zo ba gayya,
wa ya isa ya rantse ta ƙofar da ta shigo?
Ni ban yi karatun da zan raba su ba.
Amma an karanto wasu takardu masu hatimi,
na ji wani ya taɓa yin tambaya a ofis,
aka tura tambayar cikin durowa, aka juya makulli.

Mutum goma sha biyu suka shige ɗaki,
suka fito da lamba mai jelar sifiri.
Lauyarmu ta rungume ni.
Kafin mu kai bakin titi an ɗaukaka ƙara.
Diyyar tana nan, kamar wata a cikin rijiya,
ga shi a ido, guga ba ya ɗebo shi.

Amsar da na ba shi ke nan:
sau biyu a rana, uku ran Lahadi saboda coci.
Ya duƙa yana ninkawa da shekaru,
alƙalaminsa na gudu a kan safiyoyin uwata.

Da kotu ta watse na tsaya wurin magatakarda,
na ce ko za a mayar mini da gwangwanin.
Ya ce sai shari'a ta ƙare, ba ya sanin rana.
Akwai saura a ciki, kamar rabi.
Ban san ko jefarwa zan yi ba,
ko in rufe ƙofa, in murɗa murfin,
in ji ta shigo.